Halim El-Dabh: Daga Ɗakin Zar Zuwa Ɗakin Na'ura

Yawancin littattafan tarihin kiɗa na ƙarni na 20, idan suka iso babin kiɗan na'ura, daga birnin Faris suke farawa. A can ne a shekarar 1948 wani injiniyan gidan rediyon Faransa, Pierre Schaeffer, ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa a kan faifai, ya yi ta maimaita guntayenta yana harhaɗawa, har aka watsa abin da ya haɗa ranar 5 ga Oktoba. Daga nan sai littattafan su wuce Kolon ta Jamus, inda gidan rediyo ya buɗe ɗakin kiɗan lantarki a 1951, sannan su tsallaka Amurka. Ba ƙarya suka yi ba, sun dai kama labarin ne daga tsakiya. Shekara huɗu kafin Schaeffer ya je tashar jirgi, wani ɗalibin aikin gona a Alƙahira, mai shekara 23, ya riga ya ɗauki muryoyin mata a wajen wani bikin neman lafiya, ya shiga da su ɗakin rediyo, ya juya su har suka koma wani abu da kunne bai taɓa ji ba. Sunansa Halim El-Dabh.

An haife shi ranar 4 ga Maris, 1921, a unguwar Sakakini ta Alƙahira, a babban gida na Kiristocin Kibɗawa masu rufin asiri, waɗanda asalinsu mutanen Abu Tig ne da ke lardin Asyut a kudancin Masar. Gida ne na gonaki da karatu, kuma akwai fiyano a falo kamar sauran gidajen masu hali na birnin a wancan zamani. Alƙahirar da ya taso cikinta gari ne mai baki biyu a harkar kiɗa. Ga gidan opera da Khedive Isma'il ya gina tun 1869, inda ake kawo makaɗa daga Italiya. Ga kuma Ummu Kulsum da Muhammad Abdulwahab suna tashe, faifansu na juyawa a kowane shagon shayi. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani kiɗa na uku da masu kwat da jar dara ba sa ƙirgawa: na manoma, na masu jirgin ruwa a Nilu, na mata a bayan katanga.

A 1932, yana ɗan shekara 11, wansa ya kama hannunsa ya kai shi babban taron kiɗan Larabawa da Sarki Fu'ad na Ɗaya ya kira a Alƙahira. Ba ƙaramin taro ba ne. Ƙungiyoyin makaɗa sun zo daga Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Siriya da Iraki, masana kuma sun zo daga Turai, cikinsu har da Béla Bartók na Hangari da Paul Hindemith na Jamus. Bartók mutum ne da ya shekara da shekaru yana yawo ƙauyukan gabashin Turai da na'urar ɗaukar murya, yana naɗar waƙoƙin talakawa, yana gina nasa kiɗan a kansu. A wannan taro aka kafa na'urori aka ɗauki kiɗe-kiɗen baƙin a kan faifai masu yawa. Yaron ya ga da idonsa cewa ana iya kama sauti a ajiye, kuma manyan mutane na ganin kiɗan mutanen karkara ya cancanci a ajiye shi.

Akwai wata gardama da aka tafka a taron wadda nake ganin ta bi shi har tsufansa. Maganar fiyano ce. Kiɗan Larabawa yana tafiya ne a kan maƙamai, kuma maƙamai da yawa suna da muryoyin da ke faɗawa tsakanin maɓalli da maɓalli na fiyano, wurin da babu abin dannawa. Wasu Misirawa masu son zamani suka ce a gyara fiyano, a ƙara masa waɗannan muryoyi, a shigo da shi. Wasu daga cikin Turawan, abin mamaki, su ne suka ce a'a, a bar ud da ƙanun su yi aikinsu. Aka watse ba a daidaita ba. El-Dabh zai girma ya zama mai kaɗa fiyano, amma bai shiga sahun kowane ɓangare ba. Ya ɗauki fiyano a matsayin akwatin wayoyi da katako wanda ake iya buga shi, a sa shi ya yi ruri, a saurari abin da ke saura a iska bayan an ɗaga hannu.

Karatunsa na jami'a ba na kiɗa ba ne. Injiniyancin aikin gona ya karanta a Jami'ar Fu'ad na Ɗaya, wadda yau ake kira Jami'ar Alƙahira, ya gama a 1945, ya kuma yi shekaru yana aikin ba manoma shawara. Kiɗa a gefe yake yinsa. Sai dai gonar ma ba ta raba shi da sauti ba. Ya sha ba da labarin yadda ya yi ta gwada korar ƙwarin da ke cin amfanin gona da ƙara, yana rataye tarkacen ƙarafa suna gugar juna, yana lura da irin ƙarar da ƙwaron ke gudu da irin wadda bai damu da ita ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a fahimtar mutumin. Tun daga gona ya ɗauka cewa sauti abu ne mai aiki a jikin mai rai, yana kora, yana jawowa, yana warkarwa. Da wannan tunani ya je wajen zar.

Zar biki ne da aka sani a Masar, Sudan, Habasha da ƙasashen bakin Bahar Maliya. Mata ne suka fi riƙe shi. Idan mace ta daɗe tana fama da ciwon da aka rasa kansa, ko baƙin ciki, ko rashin haihuwa, sai a ce iyayengiji ne suka taɓa ta, wato iskokin da Misirawa ke kira asyad. Za a kai ta wajen shugabar bikin, wadda ake kira kudiya ko shaiha. A turara ɗaki, a kawo manyan tambura na hannu, wani lokaci da garayar tanbura da wata ɗamara da aka jera wa kofatan awaki masu kacau-kacau. Kowane iska da nasa kiɗan da nasa kirarin. Ana bi ɗaya bayan ɗaya har a dace da wanda jikin marar lafiyar zai amsa, ta tashi ta yi ta rawa har ta faɗi. Ba fitar da iskan ake nufi ba, sulhu ake nema da shi. Malaman addini, na Musulmi da na Kirista, sun daɗe suna ƙyamar abin, 'yan boko kuma suna ganinsa jahilci ne.

Bahaushe bai buƙatar dogon bayani a nan, don ya san bori. Kamar ma ba kama ce kawai ba. A Sudan akwai reshen wannan al'ada da sunansa ma zar bori, kuma masana da dama suna danganta shi da mutanen yammacin Afirka da suka ratsa ƙasar a hanyar Makka, wasu suka yada zango suka zauna. Saboda haka muryoyin da ake maganarsu a wannan tarihi ba baƙi ba ne a kunnenmu, ko da muna cikin masu kawar da kai idan an ambace su.

A 1944 El-Dabh ya ari na'urar ɗaukar murya daga wani ƙaramin gidan rediyo mai zaman kansa a Alƙahira, Middle East Radio. Ba irin rikodar kaset da muka sani ba ce. Tana naɗar sauti ne a kan siririyar wayar ƙarfe da ke gudu daga wannan ƙwarƙwaro zuwa wancan, tana wucewa ta bakin maganaɗisu. Wani ɗan ƙasar Denmak, Valdemar Poulsen, ya ƙirƙiro dabarar tun 1898. Na'ura ce mai nauyi, mai saurin fushi: wayar ta tsinke sai dai a ƙulla ta da hannu, ta warware kuwa an shiga uku. Matsalar da ta fi wannan ita ce ba a barin maza baƙi su shiga ɗakin zar. Yadda shi da bakinsa ya ba da labari, shi da wani abokinsa lulluɓi suka yi irin na mata, suka saje da jama'a, suka shige da na'urar.

Abin da ya yi da ya koma gidan rediyon shi ne ainihin labarin. Da ɗan jarida ne, da ya watsa abin yadda yake. Da masanin al'adu ne irin Bartók, da ya zauna ya rubuta waƙar a takarda. Shi kuwa sai ya sake kunna wayar a cikin wani ɗaki mai bangayen da ake iya turawa gaba ko baya, yana canza girman ɗakin, yana sake ɗauka. Ya tura muryoyin ta ɗakin amsa-kuwwa. Ya yi wasa da ƙarfin wutar da ke shiga na'urorin. Sannan ya yi abin da ya fi kowanne ban mamaki. Kowace murya ta ɗan'adam tana da gindi, wato amon da kunne ke kamawa ya ce ga waƙar, a samansa kuma akwai wasu siraran amo da ke tafiya tare da shi, waɗanda su ne ke bambanta muryar wance da ta wance. El-Dabh ya yi ta rage gindin yana barin na saman, ya danne bugun gangunan, kamar mai tankaɗe da ta zubar da garin ta riƙe abin da ya saura a rariya. Ya ce abin da yake nema shi ne sautin da ke can cikin sautin, wanda yake zaton a nan ƙarfin warkarwar yake.

Ya sa wa aikin suna Ta'abir al-Zar, tsawonsa minti 20 da wani abu, aka kuma kunna shi ga jama'a a wani ɗakin baje kolin zane-zane a Alƙahira a wannan shekarar. Abin da ke hannun mutane yau guntu ne na kusan minti biyu, wanda aka fitar da sunan Wire Recorder Piece. Duk mai waya a hannu zai iya nemansa ya saurara, kuma ya cancanci a saurara da abin sawa a kunne. Ba za ka ji kalma ko ɗaya ba. Za ka ji muryoyi masu yawa sun narke cikin juna, suna tashi suna sauka, suna zuwa kusa suna komawa nesa, da wani kaifi a samansu mai sa tsikar jiki tashi. Ka san mutane ne, ka san mata ne, ka san wani abu mai nauyi ke faruwa da su, amma an cire duk abin da zai sa ka tsaya a gefe kana kallo.

A nan dole in faɗi abin da ke damuna. Matan nan ba su gayyace shi ba. Sun taru ne a kan ciwonsu, a wurin da suka keɓe don kada idon namiji ya gan su, aka shigo musu da dabara aka ɗauki muryarsu. Sunan saurayin ya shiga tarihi, nasu bai shiga ba. Masu yabonsa kan ba da labarin lulluɓin kamar wata bajinta ta ƙuruciya, ni kuwa ban ga abin dariya a ciki ba. Abin da zan iya faɗa a madadinsa shi ne bai je don ya yi musu ba'a ko ya tona musu asiri ba, a lokacin da jaridun ƙasarsa ke yin hakan. Ya je ne da imanin cewa suna riƙe da wani ilimi game da sauti wanda makarantar kiɗa ba ta da shi, kuma sauran rayuwarsa ta nuna da gaske yake. Hakan ya rage laifin, bai goge shi ba.

Sai maganar wa ya riga wa. Masu kishin Afirka kan ce shi ne uban kiɗan lantarki, Turawa suka ɓoye. Maganar ta fi haka tsawo. Tun 1930 Bajamushe Walter Ruttmann ya harhaɗa ƙararrakin birnin Balin a kan zaren fim, John Cage kuma ya yi amfani da faifai masu canza gudu a 1939. Schaeffer bai san da aikin Alƙahira ba, bai kwafa daga gare shi ba. Abin da Schaeffer ke da shi wanda El-Dabh ba shi da shi shi ne gidan rediyon gwamnati a bayansa, da ma'aikata, da almajirai, da littattafan da ya rubuta yana bayyana dabararsa. El-Dabh ya mayar da na'urar aro ya koma gona. Amma duk da haka aikinsa na cikin na farko-farko a duniya da aka ɗauki sautin da aka naɗa aka sarrafa shi da lantarki ya zama kiɗa, kuma bambancinsa da na Faris a fili yake. Schaeffer yana so ne mai sauraro ya manta daga ina sautin ya fito. El-Dabh so yake ya kai ka can cikin inda ya fito.

Ba na'ura ce ta fitar da shi daga gona ba, fiyano ne. A 1949 ya zauna a babban cocin All Saints na Alƙahira ya kaɗa wani kiɗa nasa mai suna It Is Dark and Damp on the Front, wato akwai duhu da danshi a fagen daga. Yaƙin Falasɗinu na 1948 ne a ransa. Maimakon waƙa mai daɗin bi, sai ya riƙa danna maɓallai da yawa a haɗe, sautuka na karo da juna, yana riƙe su da matakin ƙafa har su cika ɗakin kafin su mutu. Ba a saba jin haka daga ɗan ƙasa ba. Sunansa ya bazu cikin masu bin irin wannan kiɗa, labari ya kai ofishin jakadancin Amurka, a 1950 kuma ya samu tallafin karatu na Fulbright ya tafi.

Ya fara da Jami'ar New Mexico, wajen Ernst Krenek da John Donald Robb. Dacewa ce mai kyau, domin Robb ma mutum ne mai yawo ƙauyuka da rikoda yana ɗaukar waƙoƙin gargajiya na yankin. Daga nan ya tafi makarantar kiɗa ta New England a Boston, ya yi damina a Tanglewood wajen Aaron Copland da Irving Fine, ya ƙarasa a Jami'ar Brandeis a 1954. Sai Niyok, inda ya faɗa cikin masu neman sabon abu irin su Henry Cowell, Alan Hovhaness, Edgard Varèse da John Cage.

Mutum zai zaci wanda ya sha wannan karatu zai ajiye gangar garinsu. Shi sai ya ɗauko ta ya kai ta gaban dandali. Darbuka ganga ce ta yumɓu mai baki ɗaya, ana rungume ta a hammata ko a ɗora a cinya, ana bugun tsakiyarta da tafi a samu amo mai zurfi, a buga gefenta da yatsu a samu mai kaifi. A Masar ta 'yan biki ce. El-Dabh ya rubuta mata kiɗa tare da ƙungiyar masu goge, Fantasia-Tahmeel, aka fara kaɗa shi a Niyok a 1958, shi da kansa a kan gangar, Leopold Stokowski na jagorantar makaɗan. Da yake rubutun kiɗan Turawa ba shi da alamomin da za su nuna wane yatsa ne zai bugi ina, sai ya ƙirƙiro nasa tsarin rubutun, ya kuma wallafa littafi a kan dabarun buga ta.

A wannan shekarar ce kuma ya yi aikin da ya fi sa a san shi a Amurka. Martha Graham, wadda ita ce uwar rawar zamani a ƙasar, ta nemi ya yi mata kiɗan Clytemnestra. Tsohon labarin Girkawa ne: sarauniyar da mijinta Agamemnon ya yanka 'yarsu don jiragen yaƙinsa su samu iska, ta jira shi shekara goma, ya dawo ta kashe shi, ɗanta Orestes kuma ya kashe ta. Graham ta fara labarin ne daga lahira, matar na tuno abin da ya faru tana neman dalilin da ya sa aka la'ance ta. An buɗe wasan ranar 1 ga Afrilu, 1958, Graham da kanta a matsayin sarauniyar tana da shekara 63, kayan dandali kuma na Isamu Noguchi. Shi ne wasanta mafi tsawo, mai cinye daren gaba ɗaya. El-Dabh ya sa mawaƙa biyu, mace da namiji, waɗanda rabin abin da suke yi waƙa ne, rabi kuwa kuka da kirari da nishi, a kan bugu mai nacin maimaita kansa. Wanda ya san abin da ya yi a 1944 zai gane hannun. Mace ce a tsakiyar fili, abin da ya wuce ya hau kanta, kiɗa na tura ta har ta fuskance shi. Ya ƙara yi wa Graham kiɗa sau uku: One More Gaudy Night a 1961, A Look at Lightning a 1962, da Lucifer a 1975, wanda Rudolf Nureyev da Margot Fonteyn suka taka.

A 1959 ya koma ga na'ura, wannan karon a cibiyar kiɗan lantarki ta jami'o'in Columbia da Princeton, wadda Otto Luening da Vladimir Ussachevsky da Milton Babbitt ke jagoranta. Abin alfaharin cibiyar wata ƙatuwar na'ura ce ta kamfanin RCA da ta cika bango guda, wadda ake ba ta umarni ta hanyar huda ramuka a doguwar takarda. Babbitt ya ƙaunace ta, domin tana ba shi damar lissafa kowane sauti daidai wa daida kafin a ji shi. El-Dabh ya fi sakewa da rikodojin tef. Yakan yanka tef ya haɗa bakinsa da baki ya zama zobe mai maimaita kansa, ya kunna na'urori da yawa lokaci guda, ya ƙara gudu ko ya rage, ya yi magana ko waƙa a makirfo yana sarrafa muryarsa nan take. Wancan yana lissafi, wannan yana kaɗawa.

A nan ya haɗa Leiyla and the Poet, wanda ya ɗauko daga labarin Laila da Majnun da duk mai karatun Larabci ya sani. Minti biyar ne da 'yan kai. Akwai wani siririn fito na lantarki da ke hawa yana sauka, akwai bugun ganga da tsinken kirtani, akwai muryar mutum da aka ja ta sama har ta zama ta wani halitta daban, aka kuma ja ta ƙasa. An kunna shi a bikin farko da cibiyar ta yi wa jama'a a watan Mayun 1961, ya kuma fito a faifan da kamfanin Columbia ya buga a 1964 tare da ayyukan su Babbitt. A cikin wannan faifai nasa ne ya fita daban, don shi ne mai jini a jika. Matasa da yawa da suka zama masu kiɗan na'ura daga baya ta wannan faifai suka fara jin sunansa.

Da ya zauna a Niyok a wannan lokaci, da wataƙila littattafan da na ambata a farko sun ba shi babi guda. Yana da suna, yana da tallafin Guggenheim, ya karɓi takardar zama ɗan Amurka a 1961. Sai ya juya ya nufi Afirka. Gwamnatin Jamal Abdul Nasir, ta hannun ministan al'adu Tharwat Okasha, ta kira shi gida, ya kuma sa hannu a kiɗan wasan haske da sauti da aka fara a gaban dalolin Giza a 1961, tare da Bafaranshe Georges Delerue. Shekaru da dama duk baƙon da ya zauna da dare a gaban gunkin Abul Haul ya ji kiɗan El-Dabh, ko da bai san sunansa ba. Ya kuma bi Nilu daga arewa zuwa kudu yana naɗar kiɗan ƙauyuka.

Daga 1962 zuwa 1964 yana Addis Ababa, yana koyarwa a Jami'ar Haile Selassie na Ɗaya. Abin da ya tarar shi ne manyan gari sun fi son ƙungiyoyin badujala na soja da na 'yan sanda masu kayan busa na Turawa, masu kiɗan gargajiya kuwa, azmari, ana jin daɗinsu a gidan giya amma ba a ba su kujera. A 1963 ya tara makaɗa daga ƙabilu daban-daban ya kafa Orchestra Ethiopia: masu masinƙo mai tsirkiya ɗaya, masu kirar, masu sarewar washint, masu gangar kebero. Mutane ne da a da kowa a nasa yankin yake kiɗa, ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Bayan tafiyarsa ƙungiyar ta ci gaba a hannun John Coe, sannan Tesfaye Lemma, ta zagaya Amurka a 1969, ta rayu har zuwa tsakiyar shekarun 1970. A ganina wannan aiki bai gaza na ɗakin na'ura ba, ko da yake ba a rubuta sunan mai tsara kiɗa a kan irinsa.

Tafiye-tafiyensa na bincike sun kai shi Mali, Senegal, Gini, Nijar da Zayar, har da Burazil inda ya bi sawun kiɗan bayin da aka kwasa daga Afirka. A shekarun 1970 ya yi wa cibiyar Smithsonian aiki a kan wasannin 'yar tsana na Masar da Gini. Yana daga cikin Misirawan da ba su taɓa ɗaukar kansu baƙi a nahiyar ba. Ya ce shi ɗan Afirka ne, ya kuma zaɓi ya koyar a Jami'ar Howard ta baƙaƙen fata a Washington daga 1966 zuwa 1969, a tsakiyar gwagwarmayar neman 'yancinsu.

A 1969 ya koma Jami'ar Kent State a jihar Ohio. Bai cika shekara ba, ranar 4 ga Mayu, 1970, dakarun jihar suka buɗe wuta a kan ɗaliban da ke zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam da kutsen da aka yi cikin Kambodiya. Cikin daƙiƙa 13 aka kashe huɗu, aka raunata tara. Amsarsa ita ce wasan Opera Flies na 1971. Ya zauna a ƙaramin garin Kent sauran rayuwarsa, yana koyar da kiɗa da nazarin Afirka, ya yi ritaya a 1991 amma ya ci gaba da shiga aji shekaru masu yawa bayan haka. Ɗaliban Kent sun fi saninsa a matsayin dattijon nan mai fara'a da ke zaunar da su a da'ira ya miƙa wa kowa ganga. Da yawansu ba su san abin da ya yi a Alƙahira ko a Columbia ba.

Sai da ya kai shekara 80 tsofaffin ayyukansa na na'ura suka fito a faifan CD, a 2001, da sunan Crossing Into the Electric Magnetic, kuma a nan ne duniya ta fara jin guntun 1944. Denise Seachrist ta wallafa tarihin rayuwarsa a 2003. A 2005 aka gayyace shi Johannesburg wajen Unyazi, taron kiɗan lantarki na farko irinsa a nahiyar, inda matasan Afirka masu kiɗa da kwamfuta suka ga cewa suna da kaka a wannan sana'a. Bai zauna ya ci tsohon suna ba. A 2007, yana da shekara 86, ya hau dandali a Montreal da sabon aiki, The Dog Done Gone Deaf, tare da makaɗan da ya haife su ya haifi iyayensu.

Ya rasu a gidansa a Kent ranar 2 ga Satumba, 2017, yana da shekara 96. A shekarar da ta biyo baya, a babban bikin fasaha na Dakar, Bonaventure Ndikung ɗan Kamaru da abokan aikinsa na cibiyar SAVVY Contemporary suka shirya baje koli na musamman a kansa, inda masu fasaha daga ƙasashe da dama suka gina sababbin ayyuka a kan kiɗansa da rubuce-rubucensa. Sun sake faɗaɗa shi a Balin a 2021.